Shekara 30 da ɗoriya bayan Indiya ta buɗe kasuwarta: ina ma'aikaci da manomi suka kwana?

Tambaya: Malam, kullum in ana maganar buɗe kasuwa sai a kawo mana Indiya, a ce ga ƙasar da ta rungumi kasuwar duniya ta yi arziki. Amma a labarai muna ganin manomanta sun tare hanyoyin Delhi wata da watanni, ma'aikatanta kuma suna yajin aikin gama-gari a kai a kai. Wanne za mu ɗauka? Me dunƙulewar tattalin arzikin duniya ta haifar wa ma'aikata da manoma da ƙungiyoyin ƙwadago a can?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗauki duka biyun, don babu ƙarya a ciki. Indiya ta yi arzikin da ba ta taɓa yi ba, talauci kuma ya ragu ƙwarai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a kan wa aka sauke kasadar. Kasuwar duniya hawa da sauka take yi: yau oda ta zo, gobe ta koma Biyetnam, bana auduga ta yi kuɗi, baɗi ta faɗi. Dole wani ya sha faɗuwar. A Indiya an tsara abubuwa ta yadda mai shan ta shi ne leburan da ba shi da takardar ɗaukar aiki, da manomin da gonarsa ba ta wuce hekta ɗaya ba. Kuma da yawa daga abin da ake ɗora wa kasuwar duniya, in ka bi diddigi, a Delhi aka yanke shi.

Mu faro daga 1991. A tsakiyar shekarar, kuɗin waje da ya rage wa Indiya bai wuce na sayo kayan mako biyu zuwa uku ba. Yaƙin Tekun Fasha ya ɗaga farashin mai ya kuma koro 'yan Indiya masu aiki a Kuwait, Tarayyar Sobiyet da ke sayen kayanta tana wargajewa, ga bashin da aka ciyo a shekarun 1980 ya taso. Har ta kai ga jinginar da tan 67 na zinarin ƙasar, aka loda tan 47 daga ciki a jirgin sama aka fitar. Gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a matsayin ministan kuɗi, ta karɓi bashin IMF ta kawo sauye-sauye a watan Yuli. Aka karya darajar rupi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Aka soke mafi yawan lasisin da a da sai ka same shi kafin ka kafa masana'anta ko ka faɗaɗa ta. Aka fara zaftare harajin shigo da kaya, wanda a kan wasu kayan ya haura kashi 300 cikin 100. Wanda ya ga zamanin SAP na Babangida zai ga kamanni, sai dai Indiya a hankali ta tafi. Ba ta sayar da manyan bankunanta ba, ba ta kuma saki ƙofar shiga da fitar kuɗi gaba ɗaya ba, shi ya sa rikicin kuɗin Asiya na 1997 bai kayar da ita ba. Sauran matakan daga baya suka biyo: shiga Hukumar Cinikayya ta Duniya a 1995, sai cire ƙayyade adadin kayan da ake shigowa da su a 2001, bayan Amurka ta kai ta ƙara ta yi nasara.

Ribar ba ta ɓuya. Tattalin arzikin da bai kai dala biliyan 300 ba a 1991 ya haura dala tiriliyan 3 da rabi, har a 2022 ya wuce na Birtaniya. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 415 sun fita daga ƙangin talauci cikin shekara 15 daga 2005. 'Yan Indiya mazauna waje suna aiko wa gida fiye da dala biliyan 100 a shekara, babu ƙasar da ta kai ta. Wanda ya hau a-daidaita-sahu a Kano ko ya sayi magani a kemis a Maraɗi, da wuya a ce bai taɓa kayan Indiya ba. Don haka wanda ya ce maka ba wanda ya amfana sai attajirai, bai yi adalci ba. Amma rabon ya karkata sosai: wani binciken masana da ya fito a 2024 ya nuna cewa mutum 1 cikin 100 da ke sama suna kwashe fiye da kashi 22 na duk kuɗin shigar ƙasar.

A wajen aikin yi gizo ke saƙa. A Koriya ta Kudu da Chaina, da tattalin arziki ya tashi, masana'antu ne suka kwashe mutane daga gona. A Indiya abin da ya tashi shi ne aikin kwamfuta da banki da sadarwa. Kamfanoni irin su Infosys da TCS da Wipro sun ɗaga sunan Bengaluru da Hyderabad a duniya, amma duk ma'aikatan wannan fanni kimanin miliyan 5 ne, a ƙasar da masu ci da guminsu suka haura miliyan 500. Kason masana'antu a arzikin ƙasa bai taɓa kaiwa kashi 20 ba, duk da shirin Firayim Minista Narendra Modi na 2014 da ya yi alkawarin kai shi 25. Noma, da yake ba da kusan kashi 30 a 1991, yanzu bai kai 20 ba, amma har yau kusan kashi 45 na masu aiki da shi suka dogara. Kimanin mutum 9 cikin 10 masu aiki ba su da fansho ko hutun rashin lafiya, da yawansu ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita.

Rashin takarda tsohon abu ne a ƙauye da kasuwa. Sabon abu shi ne yadda ya kutsa cikin manyan masana'antu masu rajista. A da akwai dokar rikicin ma'aikata ta 1947, wadda aka yi wa gyara a 1976 da 1982, ta ce masana'antar da ke da ma'aikata 100 ko fiye ba za ta rage mutane ko ta rufe ba sai da izinin gwamnati. Masu kamfanoni sun daɗe suna kuka da ita, kuma ba duk kukan ne na banza ba: izinin ba ya samuwa da sauƙi, har ka ga masana'anta ta mutu murus amma a takarda tana raye. Babu gwamnatin da ta yi ƙarfin halin soke dokar a shekarun 1990, saboda tsoron akwatin zaɓe. Sai aka bar ta a littafi, aka zagaye ta. Kamfani ya riƙe ma'aikatan dindindin 'yan kaɗan, sauran ya ɗauko su ta hannun ɗan kwangila mai kawo lebura. Ranar da oda ta ragu, waya ɗaya za a buga wa ɗan kwangilar, washegari masu gadi su hana su shiga. Shi kuma ɗan kwangilar yana yankar rabonsa a kan kowane kai: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙididdigar masana'antu ta gwamnati ta nuna cewa a wajen 2000 ma'aikaci 1 cikin 5 ne na ɗan kwangila, yanzu kuwa kusan 2 cikin 5 ne. Kotun Ƙoli ma ta share hanyar a 2001, a shari'ar kamfanin ƙarafa na gwamnati, inda ta ce ko da an haramta amfani da leburan kwangila a wani aiki, ba dole ba ne kamfani ya mai da su na dindindin.

In kana son ganin inda wannan tsari ke kaiwa, dubi Manesar a jihar Haryana, inda Maruti Suzuki ke ƙera motoci. A layi ɗaya mutum biyu ke aiki iri ɗaya, ɗaya na kamfani, ɗaya na ɗan kwangila, albashin na biyun bai kai rabin na farkon ba. A 2011 matasan ma'aikatan suka shafe watanni suna dambarwa da kamfanin, kuma babbar buƙatarsu ita ce a bar su su kafa ƙungiyar kansu. A watan Oktoba ma, na dindindin ne suka ajiye aiki don a dawo da na kwangila da aka hana shiga, abin da ba a saba gani ba. Ranar 18 ga Yuli 2012 rikici ya ɓarke, wuta ta tashi, wani manaja ya rasa ransa, da dama suka jikkata. Aka kama ma'aikata kusan 150, kamfanin ya kori na dindindin fiye da 500 da na kwangila kusan 1,800. A 2017 kotu ta yanke wa mutum 13 ɗaurin rai da rai, kusan dukkansu shugabannin ƙungiyar, ta sallami 117, bayan da yawansu sun riga sun kwashe shekaru a tsare. Kisan manajan laifi ne, babu mai kare shi. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne, da babbar kotun yankin take hana su beli a 2013, cikin dalilan da ta ambata har da cewa rikicin ma'aikata zai tsorata masu zuba jari daga waje. Ka ga inda kasuwar duniya ta shiga har ɗakin shari'a.

Jarin waje kuwa yana zuwa, yana kuma tafiya. Nokia ta buɗe masana'antar wayoyi a Sriperumbudur kusa da Chennai a 2006, ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ta ɗauki dubban matasa, da yawansu 'yan mata daga ƙauyuka. A 2014 aka rufe ta, bayan rikicin haraji da gwamnati ya hana a haɗa ta cikin cinikin sayar wa Microsoft sashen wayoyin Nokia. Yau a yankin kamfanin Foxconn na Taiwan yana haɗa iPhone, ayyuka sun dawo, amma waɗanda suka shafe ƙuruciyarsu a Nokia ba lallai su ne aka ɗauka ba, don irin waɗannan masana'antu 'yan shekara ashirin suke so. A Tiruppur, garin da ke saƙa rigunan da ake sayarwa a kantunan Turai da Amurka, an sa rai sosai da aka soke ƙayyade cinikin tufafi na duniya a 2005. Garin ya bunƙasa, amma Bangaladash ce ta kwashe kasuwar, har yanzu ta fi Indiya fitar da tufafi nesa ba kusa ba. Masu sayen na waje suna matse farashi, mai masaƙa ya matse na ƙasa da shi. A masaƙun zare na Tamil Nadu an daɗe ana ɗaukar 'yan mata na shekara uku, a killace su a ɗakunan kwanan masaƙa, a riƙe wani kaso na kuɗinsu da sunan za a ba su a dunƙule don aure. Da Amurka ta ɗaga harajin kayan Indiya zuwa kashi 50 a Agustan 2025, masu ɗinkin Tiruppur da masu goge daiman na Surat da masu kiwon jatan lande na Andhra Pradesh ne suka fara ji a jikinsu.

Ranar da ƙasar ta ga yawan waɗannan mutane da idonta ita ce 24 ga Maris 2020, da aka sanar da kullen korona, aka ba mutane sa'a huɗu kacal. Miliyoyin 'yan ci-rani daga Bihar da Uttar Pradesh da Odisha, waɗanda suka gina benayen Delhi da Mumbai, suka wayi gari ba albashi ba wurin kwana. Da yawa suka kama hanyar gida a ƙafa, tafiyar ɗaruruwan kilomita. A watan Mayu jirgin ƙasa ya take 16 daga cikinsu kusa da Aurangabad, sun gaji sun kwanta a kan dogo. Tun daga nan yawan masu dogaro da noma ƙaruwa ya yi maimakon raguwa, daga kimanin kashi 42 zuwa kimanin 46 a ƙididdigar 2023 zuwa 2024.

A gona lamarin ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan nake saɓa wa masu saurin yanke hukunci ta kowane ɓangare. Matsakaiciyar gona a Indiya hekta ɗaya ce da ɗan ɗori, kuma kashi 86 cikin 100 na gonaki ba su kai hekta 2 ba. Mai irin wannan gonar aka ce ya kara da manomin Amurka mai cin tallafin gwamnati, da gandun manja na Indunusiya da Maleshiya.

Man girki ya fi komai fito da abin fili. A 1986 gwamnati ta kafa shirin bunƙasa noman gyaɗa da waken suya da sauran tsabar mai, kuma zuwa farkon shekarun 1990 Indiya ta kusa wadata kanta. Sai aka buɗe ƙofa: harajin man waje ya sauko daga kashi 65 a 1994 zuwa 15 a 1998. Manja mai arha ya cika kasuwa, ƙananan injinan matsar mai suka durƙushe. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa sayo man girki, fiye da rabin wanda take ci daga waje yake zuwa. Matar gida a birni ta samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Manomin da ba shi da ban-ruwa, wanda waɗannan amfanin gona ne suka dace da ƙasarsa, shi ya biya.

Auduga ta fi ɗaci. A wajen 2001 farashinta a duniya ya faɗi ƙasa ƙwarai, kuma tallafin da Amurka ke ba manomanta na cikin manyan dalilai. Wannan ne ma ya sa Binin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka haɗa kai suka kai kuka taron cinikayya na Cancun a 2003, don ciwonsu ɗaya da na manomin Vidarbha a jihar Maharashtra. A daidai lokacin jihar take wargaza tsarinta na sayen duk audugar manoma, wanda ta kafa tun 1972. A 2002 aka amince da irin auduga na Bt na kamfanin Monsanto da abokin hulɗarsa Mahyco, wanda ke kashe tsutsar da ke cin ƙwallon auduga. A yi adalci: feshi ya ragu da farko, amfanin da ƙasar ke samu ya ninka fiye da biyu cikin shekara 10, Indiya ta shiga sahun manyan masu fitar da auduga, fiye da kashi 90 na gonakin auduga suka koma wannan iri. To amma iri ne mai tsada da sai ka sake saya kowace shekara, yana son taki, yana son ruwa, alhali yawancin gonakin Vidarbha damina kawai suka dogara da ita. Banki ba ya ba ƙaramin manomi abin da zai ishe shi, sai ya je wurin mai ba da bashi da ruwa, wanda sau da yawa shi ne mai shagon iri da magani, shi ne kuma mai sayen audugar in an ɗebe. Damina ɗaya ta yi gardama, ko farashi ya faɗi, bashin ya hau kan na bara. Daga baya jar tsutsar auduga ta saba da irin, aka koma feshi.

A nan maganar kashe kai ke shigowa. Hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya ta rubuta kusan manoma 300,000 da suka kashe kansu cikin shekara 20 daga 1995, kuma a 2022 kaɗai adadin ya haura 11,000 in an haɗa da leburorin gona. Maharashtra ce kan gaba. Ɗan jarida P. Sainath ya yi shekaru yana bin ƙauyukan yana tilasta wa birni ya kalli abin. Ni ban yarda da masu cewa irin Bt ne ya kashe su ba, don mace-macen sun fara kafin zuwansa, kamar yadda aka gani a Warangal a 1998. Ban kuma yarda da masu cewa babu ruwan manufofin tattalin arziki ba. Noma ne ya ƙara tsada, farashi ya koma rawa da na duniya, gwamnati kuma ta ja baya daga zuba kuɗi a ban-ruwa da malaman gona da bashin karkara a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Haka ta faru a Wayanad ta jihar Kerala a farkon shekarun 2000, da farashin masoro da kofi ya rushe.

Akwai manoman da kasuwar duniya ta yi wa rana: masu shinkafar basmati a Punjab da Haryana, masu inabi a Nashik, masu kiwon jatan lande a gaɓar Andhra. Indiya ce ke sayar da kusan kashi 40 na duk shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, kuma buhunan da ke sauka a Kwatano su bi hanya zuwa Nijar da Najeriya da yawansu daga can suke. Amma ga abin da masu zagin kasuwar duniya ba sa so su ji. Duk lokacin da farashi ya tashi a waje, manomi ya ga damar cin riba, gwamnati sai ta rufe ƙofa don kada abinci ya yi tsada a birni. Ta hana fitar da alkama a Mayun 2022. Ta hana fitar da farar shinkafa a Yulin 2023, abin da ya ɗaga farashi har a kasuwannin Afirka ta Yamma. Ta hana fitar da albasa a Disambar 2023, manoman Nashik suna kallo farashi ya zube a kasuwar Lasalgaon. In farashi ya faɗi a ce masa haka kasuwa take, in ya tashi a ce masa ƙasa na buƙata. Wani bincike da ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta yi da cibiyar ICRIER ta Delhi a 2018 ya lissafa cewa daga 2000 zuwa 2016, in an haɗa tallafin taki da lantarki da ruwa aka cire abin da irin waɗannan takunkumai ke janyowa, manomin Indiya asarar kusan kashi 14 na kuɗin amfaninsa yake yi. Ma'ana shi ke tallafa wa mai saye. Farashin da gwamnati ke tsayarwa ta sayi hatsi ma, kwamitin Shanta Kumar da gwamnati ta kafa ya ce a 2015 manoma 6 cikin 100 ne kawai ke sayarwa a kansa, mafi yawansu masu alkama da shinkafa a jihohi ƙalilan.

Sai maganar fili. Bayan dokar yankunan masana'antu na musamman ta 2005, jihohi suka shiga rige-rigen karɓe gonaki suna ba kamfanoni, da dokar Turawan mulkin mallaka ta 1894. A Nandigram 'yan sanda suka kashe mutum 14 a Maris 2007. A Singur tirjiyar manoma ta sa Tata ta kwashe masana'antar motar Nano zuwa Gujarat. Abin mamaki, gwamnatin 'yan gurguzu ce ta yi duka biyun a Bengal ta Yamma, kuma hakan na cikin abin da ya kayar da ita a 2011 bayan shekara 34 tana mulki. A 2013 aka yi sabuwar doka mai neman yardar masu fili da diyya mai tsoka.

Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa, rauninsu ya girmi 1991. Tun asali a rarrabe suke bisa jam'iyyu: AITUC da aka kafa a 1920 da CITU ta 1970 na 'yan gurguzu ne, INTUC ta 1947 ta jam'iyyar Congress ce, BMS ta 1955 kuma 'yar gida ɗaya ce da BJP, jam'iyyar Modi. Babbar karayar ta zo a 1982, da Datta Samant ya jagoranci ma'aikatan masaƙun Mumbai kusan 250,000 zuwa yajin aikin da ya haura shekara ba tare da an samu komai ba. Masu masaƙun suka mai da saƙar zuwa ƙananan injina a Bhiwandi da makamantanta, inda babu ƙungiya, filayen masaƙun kuma yau manyan kantuna ne da ofisoshi. Buɗe kasuwa sai ya ƙara wa mai kamfani makami: in kun matsa, zan koma wata jihar ko wata ƙasar. Ƙarfin ƙungiyoyin a ma'aikatun gwamnati yake, bankuna da jirgin ƙasa da kwal da tarho, kuma nan aka riƙa ragewa ta hanyar ritayar ganin dama da daina ɗaukar sababbi. Kamfanin tarho na BSNL kaɗai ya sallami kusan 78,000 ta wannan hanya a farkon 2020. A 2003, bayan gwamnatin Jayalalithaa ta kori ma'aikata fiye da 150,000 masu yajin aiki a Tamil Nadu, Kotun Ƙoli ta ce ma'aikacin gwamnati ba shi da haƙƙin yajin aiki.

Suna da nasu laifin. Shekara da shekaru suna kare na dindindin suna kau da kai daga na kwangila da ke gefensa, har ranar da na kwangilar suka yi yawan da za su iya tafiyar da injina ko an yi yaji. Yajin gama-gari na kwana ɗaya ko biyu da kake gani a labarai, kamar na 26 ga Nuwamba 2020 da ƙungiyoyin suka ce mutum miliyan 250 sun shiga, ka ɗauki adadin da taka-tsantsan, don su ne ke faɗa. Amma ba aikin banza ba ne: ya jinkirta sayar da bankuna, ya kuma riƙe gyaran dokokin ƙwadago shekaru masu yawa. Jinkiri dai ya samar, bai hana ba. A 2019 da 2020 majalisa ta narkar da dokoki 29 zuwa kundi huɗu, aka fara aiki da su a Nuwamba 2025. Iyakar neman izinin rage ma'aikata ta tashi daga 100 zuwa 300, an halatta ɗaukar aiki na ƙayyadadden wa'adi, yajin aiki kuma sai da sanarwar kwana 14 a kowace ma'aikata. A ɗaya gefen an wajabta ba da takardar ɗaukar aiki, an kuma ambaci masu aikin manhajar waya irin direbobi da masu kai saƙo. Ko wannan zai wuce takarda, ya rataya ne a kan jihohi da masu duba ma'aikatu.

Nasarorin da aka samu a 'yan shekarun nan, da yawa daga inda ba a zata ba suka fito. SEWA, wadda Ela Bhatt ta kafa a Ahmedabad a 1972 don mata masu talla da ɗinki da sana'ar gida, mambobinta sun haura miliyan 2. A 2015 mata masu tsinkar ganyen shayi a Munnar suka kori shugabannin ƙungiyoyinsu maza daga wurin zanga-zanga, suka yi cinikin da kansu. A Afrilun 2016 mata masu ɗinki fiye da 100,000 suka cika titunan Bengaluru ba tare da wata babbar ƙungiya ta kira su ba, saboda sabuwar ƙa'idar da ta hana su cire kuɗinsu na asusun ajiyar ma'aikata, cikin kwana biyu gwamnati ta janye. Ma'aikatan Samsung a Sriperumbudur sun yi yajin fiye da wata ɗaya a 2024 kafin a yi wa ƙungiyarsu rajista a farkon 2025.

Manoma sun fi ma'aikata cin nasara. A Nuwamba 2019 Indiya ta fice daga yarjejeniyar cinikayya ta RCEP tsakanin ƙasashen Asiya da Pasifik ana dab da kammalawa, saboda tsoron kayan Chaina da kuma madarar Niyu Zilan, wadda za ta kara da miliyoyin masu saniya biyu ko uku da ke kai madara ƙungiyoyin gama-kai irin Amul. A Satumba 2020 gwamnati ta kawo dokoki uku: a yi cinikin hatsi a wajen kasuwannin gwamnati da ake kira mandi, a yi noman kwangila da kamfanoni, a cire iyakar abin da ɗan kasuwa zai iya tarawa a rumbu. Masana da dama sun goyi baya, kuma kasuwannin na mandi ba tsarkaka ba ne, dillalai na cin karensu babu babbaka a ciki. Amma manoman Punjab da Haryana sun duba Bihar, wadda ta soke nata tun 2006, suka ga manomanta na sayar da hatsi ƙasa da farashin gwamnati. Suka kafa sansani da taraktocinsu a Singhu da Tikri da Ghazipur da ke kan iyakokin Delhi, suka yi sanyi da zafi da damina a kan kwalta, shugabanninsu suka ce sun rasa mutum kusan 700. Ranar 19 ga Nuwamba 2021 Modi ya sanar da janye dokokin.

Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Manomin Punjab yana da fili da hatsi a rumbu, ƙauye na aiko masa da abinci, 'yan'uwa na karɓar junansu a sansanin, babu kuma wanda zai kore shi daga aiki. Ga zaɓen Punjab da Uttar Pradesh yana tafe a farkon 2022. Leburan ɗan kwangila in ya yi mako ɗaya bai je ba an maye gurbinsa, ƙuri'arsa kuma tana can ƙauyensu a wata jiha. Ko su manoman, hana abu suka iya, ba samar da sabo ba. Babbar buƙatarsu, a yi dokar da za ta tabbatar da farashin gwamnati ga duk amfanin gona, ba a biya ba. Da wasunsu suka sake nufar Delhi a Fabrairun 2024, an tare su da shingen kankare da hayaƙi mai sa hawaye a Shambhu, kan iyakar Punjab da Haryana, suka yi shekara guda a wurin, har 'yan sanda suka rushe sansanin a Maris 2025.